Shin abin taunawa na 'ya'yan itace ya fi alewa amfani ga yara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daina saya wa yarana alewa, na koma saya musu wani abin taunawa mai laushi da ke zuwa a leda, mai hoton lemu da inabi, wanda aka rubuta cewa da 'ya'yan itace aka yi shi. Shin ya fi alewa amfani? Wata uwa daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Bambancin kaɗan ne ƙwarai. Ki juya ledar ki duba jerin kayan haɗin, domin ana jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, kuma a yawancinsu za ki tarar sukari da ruwan zaƙin masara ne a sahun gaba, tare da ruwan 'ya'yan itace da aka dafa har ya yi kauri, wanda ya rasa zare-zaren ɗan itacen da ke taimaka wa hanji. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da ake samu daga abinci a rana.

Abin da ya fi damuna shi ne danƙonsa, domin yana maƙalewa tsakanin haƙoran yaro ya daɗe, ya jawo ruɓewa. Ki kuma duba ko akwai jelatin, wato sinadarin da ke sa shi danƙo, wanda wani lokaci daga alade ake samunsa.

Ki riƙa yanka musu gwanda, gwaba ko kankana. Abin taunawar na leda kuwa ya zama na lokaci-lokaci, bayan cin abinci, su goge baki kafin barci.