Kafin ki saka Hajiya a zauren masu sankarar mama

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah Ya ba Hajiya sauƙi. Kin ce sankarar tata ta kai mataki na huɗu, ta shiga ƙashi, ba ta barci, kina tambaya ko saka ta a zauren WhatsApp na masu ciwon zai rage mata damuwa. Na yi jinyar yayata a wannan matakin, ga abin da na gani.

Yana taimakawa, amma ba kowane zaure ba. Na farkon da Yaya ta shiga, yawanci waɗanda aka gano nasu da wuri ne, an yi musu aiki, sun gama kemo (wato maganin kashe ƙwayoyin sankara), kullum sai hotunan murna. Ita kuwa likita ya riga ya faɗa mana maganinta na danne ciwon ne da rage raɗaɗi, ba shi da ranar gamawa. Sai ta dinga tambayata ko sakacinta ne ya jawo. Ga masu tallar maganin gargajiya suna bin ta da saƙonni, wai ta bar asibiti.

Wanda ya yi mata rana ƙarami ne, duk masu mataki na huɗu, wata nas ke kula da shi. Nan ta iya faɗin abin da muke hana ta faɗa a gida. Da ta ambaci mutuwa sai mu ce "Haba Yaya, ki yi tawakkali," alhali ba imani ta rasa ba, so take a saurare ta. Wa zai riƙe mata autarta? Me za ta ce wa yara? Maigida ya rage shigowa ɗakinta, ga kunyar kuɗin da ake kashewa. Ƙarfe biyun dare za ta tura saƙon murya, wata da ciwo ya hana barci ta amsa mata.

Kafin ki saka Hajiya a zaure, ki tambayi wa ke jagorantarsa, ko ana fitar da sirrin mutane, da yadda suke sanar da rasuwa, domin wannan yana girgiza su sosai. Kuma ki nemi yardar Hajiya tukuna.

Rashin barcin nan ki kai wa likitanta, sau da yawa zafin ƙashi ne, kuma akwai mofin, maganin rage zafi mai ƙarfi, kada ku ji tsoronsa in likita ya rubuta. In a asibitin Malam Aminu Kano ko Shika kuke, ku nemi masu kula da rage raɗaɗi. In ta daina cin abinci ko tana fatan mutuwa, ku haɗa da likitan ƙwaƙwalwa, wannan ya wuce aikin waya.