Ribar hannun jari ba za ta biya maka haya a Ingila ba, ƙanena

Ƙanena, na saurari saƙon muryarka tun shekaranjiya, aikin dare ne ya hana ni amsawa. Barka da samun gurbin karatu, Allah Ya sa ka shigo a sa'a. Ka ce abokinka da kuka gama Jami'ar Danfodiyo tare ya ba ka shawara: da ka iso ka buɗe asusu wurin dillalan hannun jari, ka zuba 'yan kuɗinka, ribar ta riƙa komawa ciki da kanta har ta ɗauke maka kuɗin ɗaki. Bai yi ƙarya ba, amma bai yi lissafi ba.

Ka tuna jar akuyar da Inna ta sayo a Kara ta ba mutanen Bodinga kiwo? Duk haihuwa sai ta aika a gaya musu kada a sayar, a bar 'ya'yan su bi uwarsu. To, abin ke nan. Kamfani in ya ci riba yakan raba wa masu hannun jari wani abu, na nan galibi sau biyu a shekara, na Amurka sau huɗu. Kuɗin sai su faɗo asusunka na dillali. Ko ka cire ka ci, ko ka danna wurin da zai sa dillalin ya sayo maka ƙarin hannun jarin kamfanin da su. Rabo na gaba, uwa da 'ya'ya duk su haihu.

Sai dai akuyar Inna tagwaye take zubawa, wannan kuwa da ƙyar take yin ɗaya. Ɗauki alƙalami. Ka sa fam 1,000 a kamfanin da ke raba kashi 4 cikin ɗari, abin da zai zo maka a shekara fam 40 ne. Ko hayar mako guda ba su kai ba. In ba ka taɓa ko sisi ba, kana mayarwa, sai an yi wajen shekara 18 kafin abin ya ninka, kai kuwa karatunka na shekara ɗaya ne. Kuma rabon ba bashi ba ne da za ka bi. A 2020, lokacin korona, Shell da kake gani ya zaftare rabonsa, abin da bai yi ba tun Yaƙin Duniya na Biyu. Farashin ma yana faɗuwa, wani lokaci daidai ranar da mai gida ke ƙwanƙwasa ƙofa. Don haka kuɗin makaranta da na haya da na tikitin komawa gida, ka bar su inda hannunka zai kai gare su.

In Allah Ya hore ka fara ɗan aikin da bizar ɗalibi ta yarda da shi, awa 20 a mako lokacin karatu, har wani abu ya rage, a nan ne maganar abokinka ke da amfani. Ka buɗe irin asusun da ake kira ISA. Ana iya zuba har fam 20,000 a shekarar haraji, wadda ke farawa 6 ga Afrilu, kuma ribar da ta shigo ciki gwamnati ba ta taɓa ta. A wajen ISA kuwa, fam 500 na farko na ribar ne aka keɓe ba haraji a shekara, kuma mayar da ribar ciki ba ya hana a ƙirga ta a matsayin kuɗin da ka samu. Mutane da yawa a nan suke yin tuntuɓe.

Ni ma na yi nawa. Na sayi 'yan hannayen jari na Amurka, na cike takardar W-8BEN, wadda ke rage wa mazaunin Ingila harajin Amurka daga kashi 30 zuwa 15. Ashe bayan shekara uku ƙarewa take yi. Ina can ina harkar gabana, sai na ga rabo ya rame. Kafin wannan, dillalina na farko yana cire ladarsa duk sanda ya mayar mini da riba, ga kuɗin canjin dala. Rabon fam shida, a yanke lada, me ya rage? Ka tambayi waɗannan kuɗaɗen kafin ka buɗe asusu, ka kuma tambaya ko suna sayar da gutsuren hannun jari, don in ba sa yi, ƙaramin rabo zama zai yi kawai. Yanzu na koma jarin haɗaka, wato wanda ake tara kuɗin mutane da yawa a sayi hannun jarin kamfanoni daban-daban, irin mai alamar Acc a ƙarshen sunansa, wanda ke mayar da ribar tun kafin ta iso gare ni.

Na san abin da Baba zai fara tambaya da yana raye: halal ne? Akwai jarin haɗaka da malamai ke tacewa, babu bankin ruwa, babu giya, babu caca. Duk da haka akan fitar da ɗan kason da ya cuɗanya da riba ta haram a bayar. Matsalar mayarwa ta kai tsaye ita ce kuɗin ba sa ratsa hannunka, sai ka manta da wannan, ka manta da zakka. Ka zauna da malaminmu na Mabera kafin ka taso, ya warware maka.

Tunda na ambaci Baba, ga aikin da ya fi wannan gaggawa. Buɗe akwatin ƙarfen nan na ɗakinsa, akwai takardun hannun jarin kamfanin siminti na Kalambaina da ya saya tun muna yara. Kamfanin ya haɗe da wani ya zama BUA Cement, aka sa shi a kasuwar hannun jari a Janairun 2020. Ban ji wani cikinmu ya taɓa bin rabon ba. Ku nemi takardar gado ta kotu, kai da Yaya, ku tuntuɓi masu rajistar kamfanin, a shigar da jarin asusun CSCS, wato ma'ajiyar hannun jari ta kwamfuta a Najeriya, a cike takardar da za ta sa rabo ya riƙa shiga banki kai tsaye. Haƙƙin magada ne, har da su Inna, kuma in ka taho ban ga mai bin sa ba.

Ka taho mini da kuka da yaji. Kilishi kam kada ka ɗauko, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Ka gaishe da Inna.