Corolla da BMW a fili ɗaya, yaya za a gane wanda ya fi iya tuƙi?

Tambaya: Malam barka da aiki. Mu wasu abokai ne a nan Abuja, mukan nemi izinin wani babban filin ajiye motoci ranar da ba kowa, mu jera robobin nan masu tsini na kan hanya, kowa ya shiga shi kaɗai a ɗau lokacinsa, irin autocross ɗin da muke gani a intanet. Ni Corolla gare ni, abokina BMW, kullum yana riga ni da sakan 2 yana cika baki. Na ji ance akwai lissafin da ake daidaita motoci da shi, don Allah yaya yake?

Amsa: Barka dai ɗan'uwa. Eh akwai, PAX ake ce masa, kuma daga Amurka ya fito, inda ƙungiyar masu wasan motoci ta SCCA take shirya wannan wasa da sunan Solo. Sun fara gasar ƙasa tun 1973, daga 2009 kuma a garin Lincoln na jihar Nebraska ake yinta kusan duk shekara. Su can motoci kashi-kashi suke, akwai Street, wato motar da kusan yadda ta fito daga kamfani take, sai Street Touring da aka ɗan taɓa ƙafafunta da injinta, a haka ake hawa har zuwa Modified, waɗanda motocin tsere ne zalla ba a hawa titi da su. Kowane kashi kuma an sake raba shi aji-aji da haruffa. To matsalarka ita ce tasu, a ƙaramar gasa sai ka ga aji ɗaya mutum biyu ne ko ma ɗaya, waye gwanin ranar kenan?

Shi ne aka ba kowane aji lamba. Ajin da ya fi gudu, A Modified, lambarsa 1.000, sauran duk ƙasa da haka, iya rashin gudun aji iya ƙanƙantar lambarsa. Wani mutum Rick Ruth ya daɗe yana haɗa wannan jadawali daga sakamakon manyan gasanni, kuma duk shekara ana sabunta shi. Ƙananan motoci irin taka a H Street suke faɗawa, lambar ajin tana yawo wajen 0.78. Aikin kawai ka ninka lokacinka da lambar ajinka.

Ga misali, lambobin na gwaji ne don ka ga yadda ake yi. A ce ka yi sakan 52.0 da lamba 0.78, ya ba ka 40.56. Abokinka ya yi 50.0, a ce ajinsa 0.82, ya ba shi 41.00. Kaga a agogo shi ne gaba da sakan 2, amma a lissafi kai ne ka wuce shi da kusan rabin sakan. Sai dai ka kula da roba, a dokarsu duk robar da ka kayar ko ka fitar daga cikin zanen da aka yi mata sakan 2 ne, kuma ana ƙarawa ne kafin a ninka. Roba ɗaya tak lokacinka ya koma 54.0, ninki ya zama 42.12, ka sha ƙasa. In kuwa ka tsallake wata ƙofa gaba ɗaya, wato ratar da ke tsakanin robobi biyu da ya kamata ka bi, to wannan zagayen babu shi ma.

Yanzu ga inda nake so ka natsu, don kar ka ɗau wannan lissafi ka je ka ƙure abokinka da shi gobe shi ma ya dawo da nasa. Lambar nan ba ta san motarka ba. An fitar da ita ne daga lokutan gwanayen direbobi, a cikin motar da ta fi dacewa da ajin, wadda aka yi mata duk gyaran da doka ta yarda da shi. A ajin Street misali doka ta ce taya sai mai lambar 200 ko sama a ma'aunin cinyewar taya da ake rubutawa a gefenta, kuma kamfanonin taya suna ƙera tayoyi masu 200 ɗin da ke manne wa ƙasa sosai musamman don wannan wasa, tsakaninsu da tayar yau da kullum sakan-sakan ne a zagaye ɗaya. Mu kuwa a nan mota 'yar Beljiyam ce, taya huɗu wani lokacin kamfani uku, shokozoba ta gaji, wataƙila ma makanike ya canza injin tun kafin ta zo hannunka. Idan tayoyin BMW ɗin sababbi ne naka kuma sun sha hanyar Kubwa shekara biyu, abin da lissafin zai auna taya ce, ba hannu ba. Kuma abin da ciwo, don yaro mai hannu sosai zai iya ganin kansa a ƙasan jadawali ya karaya ya daina zuwa, alhali laifin taya ne.

Sai kuma yadda aka tsara hanyar. Lamba ɗaya ce ga kowane aji duk shekara, amma hanya ba ɗaya ba ce. Filinku in ƙarami ne, kwana kan kwana, ba inda za a taka totur sosai, to ƙaramar mota mara nauyi ta samu, mai ƙarfin inji bai samu wurin nuna ƙarfinsa ba amma lambarsa tana cajinsa kuɗin ƙarfin. In akwai doguwar miƙaƙƙiya kuma abin ya juye. Haka kankare ya fi kwalta riƙe taya, kuma kwaltar Abuja ta ƙarfe 9 na safe daban take da ta ƙarfe 2 na rana a watan Maris, balle damina da wani zai shiga a bushe wani a jiƙe. Ko ƙurar hunturu da ke kwance a fili, waɗanda suka fara shiga su ke share wa na baya.

Akwai ma wani abu da ya shafe ku in kuka ce za ku kwatanta da 'yan Jos. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, iska ta fi sirara, kuma injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, mai turbo kuwa asararsa kaɗan ce. PAX ba ruwansa da wannan. Dama dai ba a kwatanta lokutan hanyoyi biyu daban, sai na hanya ɗaya a rana ɗaya.

Ka kuma lura da ƙanƙantar abin, in lambar aji ta motsa da 0.005 kawai, a zagayen sakan 50 rubu'in sakan kenan. Don haka tazarar da ba ta kai rabin sakan ba bayan ninki, ni a wurina kunnen doki ce.

Abin da na fi so ku yi, tunda ku kaɗan ne kuma kun san juna, ku fitar da lambarku da kanku. Ku zaɓi wanda duk kun yarda ya fi ku hannu, ya tuƙa kowace mota zagaye 3 a hanyar ranar, a ɗau mafi kyau. Sai kowa ya raba lokacinsa da na gwanin a motarsa. A ce ya yi 50.0 a Corolla kai ka yi 52.0, kana bayansa da kashi 4 cikin 100. Ya yi 47.0 a BMW abokinka ya yi 50.0, yana baya da kashi 6 da ɗoriya. Wannan lissafin ya riga ya haɗiye tayarka da shokozobarka da zafin kwaltar ranar. Rauninsa shi ne gwanin zai iya fin sabawa da mota mai ja da baya irin BMW a kan mai ja da gaba irin taka, in da hali ku sa mutum biyu su gwada ku ɗau tsakiya.

Mafi sauƙi kuma ku yi musanya, ka ba shi Corolla ya ba ka BMW, zagaye 3 kowa, ɗaya bayan ɗaya kafin rana ta canza fili, sai kowa ya haɗa mafi kyawun lokacinsa a motocin biyu. Ku daidaita tun farko wa zai biya in an ci taya ko kuloci, kowa da hular kwano da bel, masu kallo kuma su tsaya nesa da bakin kwana.