Likita, Sau Uku Ana Ba Ni Maganin Taifot Amma Jikina Ya Ƙi Saki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni manomi ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim, shekaruna sun haura 40. Tun da ambaliya ta cinye mini shinkafa, ga bashin taki a wuyana, ban ƙara jin daɗin jikina ba. Kaina yana ɗaukar zafi, wuyana a sanƙare, gabana yana faɗuwa haka kawai, cikina kullum a cushe. Nakan farka tsakar dare, barci ya ƙi dawowa. Sau uku mai kyamis yana ba ni maganin taifot, babu sauƙi. Wasu sun ce sammu ne. Me ke damuna?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya mayar maka da alheri, ya ba ka lafiya. Hukunci na ƙarshe sai an duba ka ido da ido, amma abin da ka zayyana ya yi kama ƙwarai da yadda damuwa mai daɗewa take fitowa a jiki. Kada ka ɗauka ina nufin ciwon ƙarya kake yi. Ciwon gaske ne, kuma yana da hanyar da yake bi.

A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan nama da ke fitar da sinadarai, ciki har da adirenalin da kotisol. Idan mutum ya yi kiciɓis da maciji a kunya, nan take ƙwaƙwalwa za ta ba da umarni a sake su. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, suga ya ƙaru a jini, naman jiki ya ɗaure, aikin narkar da abinci ya dakata. Duk shirin gudu ne ko faɗa. Da maciji ya wuce, jiki ya koma yadda yake. To bashi ba ya wucewa. Da shi kake kwana, da shi kake tashi, sai jiki ya zama kamar injin ban ruwan da aka kunna a fadama aka manta ba a kashe ba.

Daga nan alamominka suke fitowa. Naman wuya da kafaɗa da ya yini a ɗaure shi ke kawo ciwon kan nan mai kama da an naɗa maka rawani an tamke, yawanci gefe biyu, yana ƙaruwa da yamma. Wasu har cizon haƙora suke yi cikin barci, su tashi muƙamuƙi na ciwo, sai uwargida ce za ta faɗa musu. Ciki kuwa ya cushe, ko a yi ta gyatsa, yau zawo gobe bayan gida ya ƙi fita. Kotisol a ƙa'ida da safe yake hawa, ya sauka da dare, idan tsarin ya rikice sai barci ya lalace. Akwai kuma waɗanda ba ka ambata ba, ka duba ko kana da su: saurin fushi da yara, mantuwa, yawan mura, rauni ya daɗe bai warke ba, raguwar sha'awar iyali. Mata kan ga al'adarsu ta rikice. Zafin kai da jin kamar wani abu na tafiya a ƙarƙashin fata kuwa, koke ne da likitocin ƙasar nan suka saba ji daga masu damuwa, kuma yana cikin abin da ke sa mutane zargin sammu.

Alama ɗaya ba ta isa hujja. Abin da muke dubawa shi ne tarin alamomi a sassa daban-daban na jiki, da lokacin da suka fara, da abin da ke tayar da su. Ka lura da kanka na mako biyu. Shin faɗuwar gaban tana ƙaruwa ranar kasuwa, lokacin da ka san za ka haɗu da mai binka bashi? Tana lafawa ranar da ka yini cikin 'yan'uwa a wurin suna?

Batun taifot yana ci mini tuwo a ƙwarya. Taifot tana zuwa da zazzaɓi mai hawa kwana da kwanaki, kai kuma ba ka ambaci zazzaɓi ba. Gwajin Widal da aka fi yi yana yawan nuna cutar ga wanda ba ya ɗauke da ita. Ka daina shan maganin kashe ƙwayoyin cuta haka nan. Ka kuma yi hattara da maganin ciwon jiki: irin su diclofenac da ibuprofen suna cin bangon ciki har su kawo gyambo, kuma wanda yake shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, watanni a jere, maganin da kansa yakan koma ya riƙa jawo ciwon kan. Tiramadol kuwa, kada ka ko kusance shi.

Ka je asibitin da ya fi kusa a auna maka hawan jini, a ranaku daban-daban, bayan ka zauna ka huta minti biyar. Idan yana kai 140 bisa 90 ko sama, abin kula ne, domin hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama. A duba suga da yawan jini, a kuma duba ɗan naman gaban wuya da kumburinsa ke kawo maƙoƙo, saboda idan aikinsa ya yi yawa yana kawo bugun zuciya da rama da rashin barci. Idan ka ji ciwon ƙirji mai sauka hannu ko haɓa, ko ɓarin jiki ya mutu, ko baki ya karkace, ko bayan gida ya fito baƙi ƙirin, wannan ba na jira ba ne, a tafi asibiti nan take. Tarin da ya wuce mako biyu tare da rama kuma yana buƙatar gwajin tarin fuka.

A gida, ka bar goro da shayi daga la'asar, don suna hana barci suna ƙara bugun zuciya. Idan gaba ya faɗi, ka zauna ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, na 'yan mintuna. Addu'a da zikiri ka riƙe su, ba sa karo da magani. Kada ka ƙaurace wa majalisa. Shi kuma bashin, ka nemi liman ko mai unguwa ya raka ka wurin mai shi a tsara biya kaɗan-kaɗan bayan girbi. Bashin da aka san ranar biyansa bai kai wanda ake ɓuya dominsa cin rai ba.

Idan ka yi mako biyu komai ya fita daga ranka, ko ka fara jin gara mutuwa, ka faɗa wa wani na kusa da kai yau, ku nemi likitan ƙwaƙwalwa. Akwai su a asibitin Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma babban asibitin da ke kusa da ku zai iya rubuta maka takardar turawa.