Ciwon suga da masu "wankin jini": amsoshin wannan mako

Wani magidanci daga Wadata ya tambaya ko zai iya maye sukari da zuma a shayinsa, tunda ita daga Allah take. Malam, rake ma daga Allah yake. Zuma na ɗaga suga. Ka riƙe kuɗinka.

Wasiƙar da ta tayar mini da hankali daga Tahoua ta zo. Wani matashi ya ce an kawo musu kwalba a kasuwa, jaka 15, wai tana wanke suga daga jini cikin kwana 7, yana son saya wa mahaifiyarsa.

Ƙanena, kada ka saya. Jajayen ƙwayoyin jini ba sa jiran insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, kafin suga ta shige su. Yawan da ke cikin jini, shi ke kutsawa cikinsu. In ta yi yawa sai ta manne wa hemogulobin, sinadarin da ke ba jini launin ja, ta kuma manne wa sinadaran da ke aiki cikin ƙwayar, waɗanda likitoci ke kira enzaim, har da masu kare ta daga lalacewa. Aikinsu ya ragu, ƙwayar ta yi tauri, ta riƙa wahalar ratsa ƙananan jijiyoyi irin na ido da ƙoda da ƙafa. Ga shi ba ta iya ƙera sababbin enzaim, da na haihuwa take rayuwa har kwana 120 ɗinta su cika. To wace kwalba ce za ta ɓamɓare wannan cikin mako guda? Jiki ne ke zubar da tsofaffi ya yi sababbi, kuma sababbin za su fi lafiya ne kawai in Hajiya ta riƙe sugarta ƙasa wata da watanni.

Abin da ya fi ba ni haushi, masu tallan nan sukan ce a ajiye maganin likita tukuna. Nan mutane ke halaka. Kwalba babu sunan kamfani, babu ranar ƙarewa, ta wuni cikin tire a zafin ranar Afrilu, amma an fi yarda da ita don mai ita ya iya baki. Jaka 15 ɗin nan ka kai farmasi da takardar likita, sauran ka yi mata gwajin HbA1c. Shi ne ke nuna yadda sugarta ta kasance cikin wata 2 zuwa 3; ga yawancin masu ciwon, ƙasa da kashi 7 cikin 100 ake nema.

Wata ɗiya daga Niamey ta ce HbA1c ɗin mahaifinta ya yi kyau, amma na'urar gwajin suga ta gida kullum sama take nunawa, har barci ya gagare ta. Ɗiyata, kwantar da hankalinki, kin yi daidai da kika lura. Duk abin da ke rage kwanakin jajayen ƙwayoyi, kamar sikila, zubar jini, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko ƙarancin enzaim na G6PD, yana iya sa sakamakon ya fito ƙasa da gaskiya. Ki kai wa likita duka biyun, ki faɗa masa in akwai sikila a danginku.

Sai ki duba tsinken gwajin kansa. Zafi na lalata shi, haka ma barin murfi a buɗe. Kada ki sayi wanda aka zare daga gwangwaninsa ana sayarwa ɗaiɗai, kuma kafin kowa ya sayi na'ura, ko da araha ce, ya fara tabbatar farmasin unguwarsa na da tsinkenta.