Me ya sa har yanzu ake son injinan tsofaffin motocin Amurka masu silinda takwas?

Tambaya: Malam, ina yawan ganin bidiyon tsofaffin motocin Amurka irin su Dodge Charger da Pontiac GTO, jama'a sun kewaye su suna sauraron ƙarar inji, ana kuma sayensu da maƙudan kuɗi. Tunda motocin yau sun fi su gudu da tsimin mai, me ake nema a jikin waɗannan injina?

Amsa: Gaskiyarka, idan gudu kaɗai ake nema, motocin zamani da yawa za su bar su a baya. Abin da ke riƙe zukatan mutane shi ne yadda injin yake bayar da ƙarfinsa, da muryarsa, da kuma sauƙin fahimtarsa.

Yawanci ana ƙirga farkon zamanin irin waɗannan motoci daga 1964, lokacin da kamfanin Pontiac ya ɗauki injin V8, wato mai silinda takwas, mai girman lita 6.4 na manyan motocinsa ya dasa shi a matsakaiciyar mota, aka samu GTO. Sauran kamfanonin Detroit, birnin ƙera motoci na Amurka, suka bi sahu, har a 1970 Chevrolet ta fitar da Chevelle SS mai lita 7.4 da ƙarfin doki 450. Inji mai wannan girma ba ya buƙatar a kai shi ƙololuwar juyi kafin ya nuna ƙarfi. Da zarar direba ya taɓa totur, sai ya ji motar ta manna bayansa da kujera tun daga giya ta farko.

Shi kuwa rugugin da ka ji, daga ƙirar karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, yake fitowa. Silinda takwas ɗin an jera su huɗu-huɗu a ɓangarori biyu, kuma ko da yake injin gaba ɗaya yana kunna wuta a kan tazara daidai, a kowane ɓangare tazarar ba daidai take ba, saboda haka hayaƙi yake fita salansa da bugu mai ɗan tsalle. Idan aka ƙara masa kamshaf na tsere, wato sandar da ke buɗe bawul, sai ka ga motar tana girgiza a tsaye, har eriyarta tana rawa.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Hemi na kamfanin Chrysler mai lita 7, wanda rufin ɗakin ƙona mansa yake kamar ƙwarya a kife, abin da ya ba da damar sa manyan bawul da filogi a tsakiya. Da shi Richard Petty ya ci tseren Daytona 500 a 1964, kuma daga 1966 zuwa 1971 aka sayar wa jama'a da shi da kafireto biyu da ƙarfin doki 425.

A ganina dai, babban sirrin shi ne sauƙi. Ka buɗe bonet za ka ga komai a fili: kafireto a sama, kamshaf ɗaya a cikin bulo, bawul biyu a kowace silinda, babu kwamfuta ko ɗaya. Mai mota da sifanarsa da sukurdirebarsa zai iya saita injin da kunnensa a ƙofar gida, kuma irin wannan hulɗa tana sa mutum ya shaƙu da abinsa. Kayan gyara ma ba su yanke ba, musamman na ƙaramin V8 na Chevrolet da ya fara fitowa a 1955.

Sannan zamanin bai daɗe ba. Dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora ga matasa, da takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a 1973 sun taru sun kashe kasuwar. Ƙarancin ne ya sa a 2014 aka sayar da Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5 a gwanjo.

Sai dai wanda zai mallaki irin wannan mota ya sani cewa tana shan mai sosai, birkin da yawancinsu suka fito da shi bai kai ƙarfin injin ba, kuma an ƙera injin ne don fetur mai dalma wanda aka daina sayarwa. Shi ya sa masu hawansu a yau sukan sauya birki, su kuma sa wa bawul mazauni mai tauri lokacin da suka sauke inji.