Na sake karanta littafin yarintata, jikina ya yi sanyi

Tambaya: Anti barka da aiki. Akwai wani littafin almara da na karanta ina 'yar shekara 11, labarin wani yaro da ya shiga ƙasar aljanu neman ƙanwarsa, wallahi har bangon ya cire na ɗinke shi da zare saboda so. Kwanan nan na sake samunsa na zauna da ɗokina, amma kafin in kai shafi na 30 duk jikina ya yi sanyi. Kogon da ya hana ni barci a da ashe layi uku kacal aka rubuta a kansa. Ni ce na canza ko dama can littafin ba wani abu ba ne?

Amsa: 'Yar uwa, wannan kogon naki ne. Marubucin ya ba ki layi uku, ke kuma kika zuba duhun da sanyin da ƙarar ɗigar ruwan daga kanki, shekara da shekaru kina ƙara masa faɗi duk lokacin da kika tuna. To yanzu kin je neman abin da kika gina a takarda, dole ki ga wayam.

Kuma yaro gudu yake yi in yana karatu, burinsa kawai ya ga me zai faru gaba, duk inda manya ke magana tsallakewa yake. Ke yanzu kin san ƙarshen, wannan zumuɗin ba zai dawo ba, amma abin da kika tsallake yana nan yana jiranki. Ki duba Dare Dubu da Ɗaya, muna yara aljanu da dukiya muke gani, sai da na girma na lura ashe mace ce ke ba da labari kowane dare don kada a kashe ta da safe, ranar da na gane haka ajiye littafin na yi na daɗe ina shiru. Haka Magana Jari Ce na Abubakar Imam da ya fara fitowa a 1937, dariyar labaran aku muke sha, alhali akun nan ƙoƙari yake ya tsare ɗan sarki a gida kada ya faɗa tarkon waziri.

Gaskiya wani littafin kam in ka girma sai ka ga rauninsa, ko ka ci karo da wata magana ta raina mata ko wasu mutane da ba ka lura da ita ba a da, in kin ga haka kar ki rufe ido, ki kira abin da sunansa.

Amma shafi 30 ya yi kaɗan a yanke hukunci. Ki koma a hankali, babi ɗaya a dare, wannan karon ki sa ido kan uwar yaron, wadda aka bari a bakin ƙofa. Me aka ce ta yi bayan ya tafi? Ki rubuto min, ina son in ji.